Bangon da Na Rufe da Farar Ƙasa

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Gwarzo, ranar Laraba bayan la'asar.

Zuwa ga 'yata,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ina gaishe ki, ina gaishe da gwaggonki Talatu da duk matan da ke zaman lalle tare da ke a gidanta. Ina roƙon Allah Ya nuna mana Asabar lafiya, Ya kiyaye hanyar da za ta kai ki Durun, Ya kiyaye motar da masu rakiya, Ya sa ƙasar garin da ruwansa su karɓe ki, mutanensa kuma su riƙe ki da mutunci.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda daga wajena, alhali tsakanin gidanmu da na gwaggonki bai wuce lungu uku ba. Ke ce 'yar fari, ke ce kuma auta, domin Allah bai ba ni wani bayanki ba. Na riƙe miki kunyar ɗan fari yadda na tarar ana yi, har na wuce yadda ake yi. Shekara ashirin da biyu muna cin tuwon tukunya ɗaya, ban taɓa zaunar da ke na yi miki doguwar magana ba, sai in faɗa ne. Ranar Asabar idan aka kawo ki sallama, zan faɗi abin da iyaye ke faɗa na haƙuri da tsoron Allah, kaina a sunkuye, kuma duk gaskiya ne. Amma abin da ke cikin wannan takarda bakina ba zai iya furta shi ba, kuma dole ne ya same ki kafin ki taka ƙofar ɗakinki.

Maganar fentin nan ce.

Shekaranjiya Litinin, da mata suka dawo daga jeren ɗakinki, kina zaune a bakin ƙofata kina tsince shinkafa. Gwaggonki ta shigo tana dariya tun daga zaure, ta ce mini, “Malama, angon naku ya yi aiki. Ciki da falo duk ruwan hoda, kamar an tsaga nunanniyar gwaba. Kuma da hannunsa ya shafa, shaida na nan a faratansa.” Sauran matan suka yi ta ƙari a kai, wata ta ce ko fuskar tsohuwa haske take yi a cikin ɗakin, wata ta ce ita dai da an bar ta da can za ta kwana. Kowa ya yi dariya, ban da ke. Kika ajiye faifai kika ce ke ba za ki yi salla a ɗakin da ya yi kama da shagon kwalliya ba, a gaya wa Mansur ya mai da shi fari kafin a kai ki. Kika ba gwaggonki saƙon a gaban kowa, sannan kika ɗago kika dube ni.

Na sunkuyar da kai, ke kuma kika ɗauki shiruna a matsayin yarda. Ba yarda ba ce. Muryata na ji tana fitowa daga bakinki, har da yadda nake danne ƙarshen magana. Akwai abin da ban taɓa gaya miki ba, kuma ba shi da daɗin rubutawa.

A shekarar da na haife ki, ƙasa tana cikin abin nan da ake kira ostariti. Sabulu ma sai an bi layi, ma'aikata kuma kullum cikin zullumin wanda za a kora gobe. Mahaifinki, Malam Isiyaku, Allah Ya jiƙansa, yana aikin malamin gona a nan Gwarzo, aka sallame su ina da cikinki wata bakwai. Ba a jima ba aka kai ni gidanmu a Gammo, tunda haihuwar fari a gida ake yin ta. Can na haife ki, can na zauna wankan jego. Shi kuwa ya rage shi kaɗai a gidan nan, ga rani, babu gona, babu ofis.

Abin da ya yi da waɗannan kwanaki ban sani ba sai daga baya, daga bakin ƙanwarsa, gwaggonki, wadda a lokacin take aure a unguwar nan tana kawo masa abinci. Ya ƙudura cewa ba zan dawo da jaririya cikin ɗakin da hayaƙin fitila ya dafe ba. Fentin gwangwani ba abin da mutum irinsa zai ko tambaya ba ne a wannan shekara. Sai ya samo farar ƙasa ya jiƙa, ya je wajen dukawa a kasuwa ya karɓo jan garura, irin wanda suke rina fata da shi, ya dafa ƙaro ya zuba don kada launin ya riƙa kama tufafi. Bai taɓa yin irin wannan aiki ba. Ya riƙa haɗawa yana gwadawa a katangar garken awaki, yau ya yi ja da yawa, gobe ya kwashe, har sau bakwai. Gwaggonki ta ce farar akuyarmu ta yi wata guda tana yawo a unguwa da jan gefe, yara na bin ta.

Ranar da na cika arba'in aka dawo da ni, da rakiyar mata daga Gammo. Na yi sallama na shiga ɗakina, ke kina hannun wata innata. Zan gaya miki gaskiya, domin na daɗe ina ɓoye wa kaina ita: abin da na fara ji daɗi ne. Ɗakin ya yi haske, ya yi kamar ya ƙara faɗi, zuciyata ta buga irin bugun da ta daɗe ba ta yi ba. Kafin in gama jin haka, sai wata daga cikin masu rakiya ta rufe baki da gyale ta ce wa ta kusa da ita, ita dai ba ta taɓa ganin irin wannan launi ba sai a ɗakunan matan bakin tasha. Suka ƙyalƙyale. A lokacin na fara zuwa makarantar matan aure, ana yaba mini da kamun kai, ni ma ina jin daɗin yabon. Dariyar nan ta shige ni har ƙashi.

Da baƙi suka watse da yamma, mahaifinki ya zo ya tsaya a bakin ƙofa, hannuwansa a baya. Bai tambayi gajiyar hanya ba ma, ya ce, “Kin gani?”

Na ce, “Na gani. Malam, mutumin da aka sallama daga aiki, abin da ya dame shi ke nan? Ni ba zan fuskanci alƙibla ina kallon wannan ba.”

Ya juya ya koma zaure. A kwana na uku, da ya fita, na jiƙa farar ƙasa a bokiti, na goya ki, na ɗauki tsintsiya. Garura ba ya rufuwa da sauƙi, sai da na bi bangon sau uku. Ya dawo ya same ni ina kan turmi ina shafa kusurwar ƙarshe. Ya ce mini sannu da aiki. Ya ɗauki bokitin ya kai bakin rijiya ya wanke shi da kansa.

Daga ranar nan mahaifinki bai ƙara yi mini wani abu da ban roƙa ba. Kada ki fahimce ni ba daidai ba: bai taɓa tauye mini haƙƙi ba. Ya koma noma, ya ciyar da mu, ya tufatar da mu, bai taɓa ɗaga mini murya ba. Amma tabarmarsa ta koma zaure, rediyonsa ya bi ta, barkwancinsa ma ya bi. Ke kin san shi mai ban dariya ne, domin ke yana yi miki. Ni ta bayan katanga nake jin dariyarsa, idan yana tare da abokansa. In ya shigo cikin gida sai ya gyara fuska kamar mai shiga masallaci, ya tambayi abin da babu, ya fita. Shekara goma sha huɗu muka yi a haka, ina kiran abin zaman lafiya, har ina ba wasu mata misali da gidana.

Na daɗe ina cewa don Allah na rufe bangon nan. Yanzu da na zauna ni kaɗai na binciki zuciyata, ban sami Allah a cikin aikin ba, sai matar nan mai gyale, wadda ko sunanta na manta. Don haka abu na farko da nake so ki riƙe shi ne wannan: duk lokacin da kika ji ranki ya ƙi wani abu a gidanki, ki tsaya ki tambayi kanki da idon wa kike kallonsa. Idan Allah ne Ya hana, ki bar shi ko da duniya za ta yi miki dariya. Idan kuwa tsoron bakin mutane ne, kada ki sa masa rigar addini, domin ranar da za ki gane, mai yiwuwa wanda kika ɓata wa ba ya nan. Ki kuma sani cewa namijin da ya yi miki abu da hannunsa ba tare da kin roƙa ba, ya fito miki da wani gefe nasa da ba ya nuna wa kowa. Kalmar farko da kika faɗa ita zai tafi da ita.

Kuskurena na biyu ya fi na farko nauyi, kuma shi ne nake yi wa istigfari a kowace sujada.

Kin tuna jinyar mahaifinki ta ƙarshe, kina aji biyu a sakandare. Da ciwon ya yi tsanani aka dawo da shimfiɗarsa ɗakina don in fi samun kula da shi. Wata rana da hantsi, kin tafi makaranta, na gama ba shi koko ina goge masa baki, sai na ga ya ƙura wa bango ido. Ya ce, “Hajara, ina so in tambaye ki. Launin nan da na yi miki, da gaske bai yi kyau ba?”

Amsar tana bakina. Kalma biyu ce, ya yi. Amma in na faɗe ta, na yarda ke nan cewa shekara goma sha huɗu na yi a kan kuskure. Sai na ce masa ya yi ta salati, wannan ba lokacin maganar fenti ba ne. Ya ce haka ne, ya rufe ido ya kama salati. Bayan kwana tara Allah Ya karɓi abinsa.

Ina cikin takaba gwaggonki ta gaya mini dalilin da ya sa ya yi ta gwaji a katangar garke har sau bakwai. Wai launin gyalen da na yafa ranar da ya fara zuwa zance wajena a Gammo yake nema. Na yi kwana biyu ina tunani kafin in tuna gyalen. Ba ma nawa ba ne, na 'yar kawuna ne na ara.

'Yata, ambaton Allah ba wurin ɓuya ba ne. Na yi amfani da salati na rufe bakin mara lafiya, don kada in amsa tambayar da ta fi ƙarfin girman kaina. Idan mijinki, ko wani da ke ƙarƙashin kulawarki, ya yi miki tambaya wadda kike ganin ƙarama ce, ki amsa ta a lokacin, da gaskiya, kafin ki yi masa wa'azi. Mutum ba ya ajiye tambaya shekara da shekaru in ƙarama ce a wajensa.

Da kin ce bayan wannan zan yi laushi. Ban yi ba, sai ma na ƙara tauri, domin taurin ya fi sauƙi a kan nadama. Da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano na yi murna, har yau kuma ina murna, ban janye ko kalma ɗaya ba. Na shiga cikin matan da ke zagaya gidajen biki da suna suna tunatarwa, kuma an sami alheri a ciki: mata da yawa sun gyara sallarsu, wasu sun san haƙƙinsu na gado da ba su sani ba. Amma ni na ƙara da nawa. In na shiga ɗakin mace, kafin in amsa gaisuwa idona ya gama zagaya labule da furen roba da zanen gado. Ba sai na yi magana ba. Har ya zama in aka ji sallamata sai in ji ana jan abu ana turawa ƙarƙashin gado. Yau matan unguwar nan suna girmama ni, suna turo 'ya'yansu karatu, suna zuwa tambayar hukuncin haila da na takaba. Da sun sami amsa sai su ce sun bar tukunya a wuta. Ban tuna ranar ƙarshe da wata ta shigo gidan nan don hira kawai ba, in ban da gwaggonki, ita ma don ba ta jin tsoron kowa ne.

Shekara biyu da suka wuce na yi ƙarfin hali na tambayi tsohon malamin da muke ɗaukar karatu a wajensa, na ce wata ce ta aiko ni. Na tambaye shi hukuncin yin salla a ɗaki mai launi. Ya tambaya ko akwai hoton mai rai a bangon, na ce babu. Ya tambaya ko an yi almubazzaranci wajen yin sa, na ce ko kusa. Ya yi ɗan murmushi ya ce, “To ki gaya wa wadda ta aiko ki, in launi na ɗauke mata hankali, ta rataya farin zane a gabanta, ko ta gyara zuciyarta. Bango ba ya salla.” Na dawo gida da wannan amsa na rufe ta. Ban gaya wa ɗalibaina ba, ban gaya miki ba. Na bar ki kina tafiya a kan hukuncin da ni na ƙirƙira, ina kallon tufafinki duk toka-toka da ruwan ƙasa, ina alfahari cewa 'yata ba ta taɓa roƙon wani launi ba. Ban tsaya na tambayi kaina ko ba kya so ne, ko kuwa kin san amsar da za ki samu ba.

Ki riƙe addininki da kyau, ba na ce ki sassauta ba. Abin da nake cewa shi ne kada ki haramta abin da ba ki da dalili a kansa, kuma in kin gano kin yi kuskure, ki faɗa a gaban waɗanda kika koya wa. Ni ranar Lahadi in Allah Ya kai mu zan faɗa wa nawa ɗaliban, ko da kunyar za ta kashe ni.

Yanzu ga abin da na aikata, wanda nake neman gafararki a kansa. Jiya da safe, kafin a kama ki a sa ki a lalle, na je gidan gwaggonki na roƙe ta ta riƙe saƙonki, kada ta aika Durun tukuna. Ta tafa hannu ta ce yau wace rana ce, Malama da kanta take roƙon a bar ado. Da ta dubi fuskata sai ta jawo mini kujera. Don haka Mansur bai san komai ba. A saninsa har yanzu ya yi wa amaryarsa abin kirki, yana can yana jiran Asabar.

Saƙo amana ne, kuma naki ne, ban da ikon kashe shi. Na dai tsayar da shi ne har ki ji nawa labarin. Idan kin karanta wannan takarda kika ga har yanzu fari kike so, ki gaya wa gwaggonki gobe da hantsi, za ta aika, farar ƙasa kuma za ta bushe kafin a kai ki. Ba zan yi fushi ba, ba kuma zan umarce ki ba, domin umarnin da na yi miki a rayuwa ya isa.

Idan kuwa kin bari, to ga shawarata. Zai tambaye ki. Mai yiwuwa ba ranar farko ba, mai yiwuwa ya yi kamar yana neman wani abu ne a ɗakin, amma zai tambaya. Kada ki yi masa ƙarya ki ce ya burge ki in bai burge ki ba. Ki yi masa sannu da aiki tun daga zuciya, ki tambaye shi kwana nawa ya yi yana shafawa, da abin da ya sa ya zaɓi wannan launi ba wani ba, sannan ki saurari amsar har ƙarshe. Ki zauna a ɗakin damina guda da rani guda kafin ki yanke masa hukunci. In ya dame ki a salla, kin ji abin da malam ya ce. In bayan shekara kun ga ku sauya, ku zaɓa tare, ya hau kujera ke ki riƙe masa bokiti. Kuma in matan Durun sun shigo ganin amarya wata ta rufe baki da gyale, ki ba ta wurin zama da ruwan sha, ki ce mata mai gidan ne ya yi da hannunsa.

Ni ba zan ga ɗakin naki ba. Kin san tsakanina da gidan suruki sai in wata babbar lalura, kuma ba na fatan ta. Gidan nan ya riga ya yi mini faɗi tun jiya. Sau biyu ke nan ina auna tsaba ta mutum biyu, sai na zuba a tukunya nake tunawa. Ba don ki damu na faɗa ba, zan saba, akwai karatu akwai ɗalibai.

Abu ɗaya nake roƙo, in kin bar launin. Ranar da aka kawo ki ganin gida, bayan kin gaida kowa, ki shigo ɗakina ki zauna, ki gaya mini yadda yake idan rana ta shigo ta taga da safe, da yadda yake komawa da la'asar. Ki faɗa mini a hankali, kada ki taƙaita. Kwana uku na yi a cikin nawa, kuma duk ukun ban yarda na ɗaga kai na ƙara kallonsa ba.

Allah Ya tsare ki a tafiyarki da zamanki, Ya tsare ki daga sharrin baki da na ido, da sharrin zuciyar da ke ganin ta fi kowa tsarki. Allah Ya sa albarka tsakaninki da mijinki, Ya sa dariyarsa ta zauna a cikin ɗakinki. Ya jiƙan mahaifinki, Ya haskaka kabarinsa, Ya isar masa da amsar da na hana shi. Na yafe miki duniya da lahira, ban ma san abin da kika taɓa yi mini ba. Ke ma ki yafe mini.

Gwaggonki tana jiran maganarki gobe da hantsi.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.

Mahaifiyarki,
Hajara